Akori-Kurar Baba Da Ɗan Fakin Da Na Raina

Masu iya magana sun ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Na daɗe ina jin wannan karin magana, har na taɓa kawo shi cikin amsar jarrabawa a sakandare aka ba ni maki, amma ban san nauyinsa ba sai a hutun damina na 2023, a ƙofar gidanmu da ke Unguwar Shanu cikin Kaduna. Abin da ya koya mini shi kuwa wani ɗan kwali ne, wanda kaurinsa bai fi na bangon littafi ba.

Mahaifina direba ne, kuma duk dukiyarsa ta duniya ita ce wata tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 504, wadda mutane ke ce wa Fijo. Ga wanda bai sani ba, wannan mota 'yar gida ce a Kaduna. A Faransa aka fara ƙera 504 a 1968, sa'an nan kamfanin Peugeot na Nijeriya, wanda aka kafa a 1972, ya soma harhaɗa motoci a Kakuri, ƙetaren kogi, a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Baba ya sayi tasa a hannun wani tun ba a haife ni ba. Ran Talata ta kwaso buhunan masara daga kasuwar Kawo, sauran ranaku ta yi dakon bulo ko yashi ko kayan ɗakin amarya. Da ita aka ciyar da mu, da ita kuma aka kai ni har aji uku a sashen koyon aikin injiniya.

To, ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Ana cikin wannan hali sai motar ta ɓullo da wata cuta. In an tashe ta, inji ya yi ta karkarwa kamar mai masassara, silo ba ya tsayawa, da an ɗaga ƙafa daga totur a mararraba sai ta mutu. Amma in ta kama hanya tana gudu, sai ka rantse lafiyarta lau. Bakanike na farko ya sauya fulogi, ya wanke kafireto, ya kwance sukurun mai don ta daina mutuwa. Ta rage mutuwar, amma ta koma shan mai kamar raƙumi ya sami rijiya. Na biyu ya ce inji ya ƙare, sai an sauke shi an zuba sabbin kaya, ya faɗi kuɗin da ya sa Baba yin salati. Kashegari sai ga masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo suna zagaya ta, har sun yi tayi.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Baba, a sayar da ita kawai. Wannan inji zamaninsa ya wuce, mu da muka karanta mun sani." Ko bonet ban buɗe ba na yanke wannan hukunci. A shekarar nan jami'o'i da dama sun ƙara kuɗin rajista, ni kuwa idona na kan kuɗin masu ƙarafa. Baba ya dube ni ya ce, "In na sayar, kuɗin ya kai ka wannan zango. Zango mai zuwa fa, me zan sayar?" Na rasa ta cewa.

Da asuba, bayan an fito masallaci, Baba ya taho da wani dattijo wanda duk unguwa ke kira Kawu. Ya yi shekaru masu yawa yana gyaran Fijo a Kurmin Mashi, har ganinsa ya raunana ya bar wa yaransa garejin. Bai zo da akwatin kayan aiki ba, sai wani guntun tiyo na roba a aljihu. Ya ce a tashe ta. Ya sa baki ɗaya na tiyon a kunnensa, ɗayan bakin yana bi da shi gefen inji sannu a hankali. Can sai ya tsaya, ya miƙo mini ya ce, "Ɗan boko, saurara." Na ji wani siririn sauti, kamar mutum na zuƙar shayi mai zafi. Ya ɗebo ruwa a buta ya ɗiga a daidai wurin, nan take muryar inji ta sāke, sa'an nan ta koma yadda take. Ya juya wajen Baba ya ce, "Malam, injinka bai mutu ba. Iska yake sha ta ɓarauniyar hanya. Fakin manifol ne ya tsage."

Bari in yi wa mai karatu bayani, domin a lokacin ne abin da na haddace a aji ya faɗo mini. Injin fetur ba mai kaɗai yake ƙonawa ba, gauraye yake so, kimanin awo 14.7 na iska ga awo 1 na mai, in an auna da nauyi. Kafireto shi ke yin wannan haɗi. Manifol kuwa shi ne bututun ƙarfe da ke ɗaukar haɗin daga kafireto ya kai shi kan inji, inda kowane fistin in ya yi ƙasa yake zuƙo rabonsa. Tsakanin manifol da kan inji akwai fakin, watau wani kwali mai jure zafi da ake matsewa don ya toshe duk wata kafa. In shekaru da zafi suka busar da shi ya tsage, sai inji ya riƙa zuƙo iskar da kafireto bai san da zamanta ba, haɗin ya tsinke, kamar kunun da aka cika wa ruwa. A silo, totur a rufe yake, zuƙar cikin manifol tana da ƙarfi, haɗin da ke wucewa kuma kaɗan ne, saboda haka ɓarauniyar iska takan rinjaye shi. A guje kuwa ƙofa a buɗe take, ɗan abin da ke satar shiga ba ya tasiri. Duk wannan na sani a takarda, har da lissafinsa. Kawu bai san 14.7 ba, amma shi ya ji, ni ban ji ba.

Muka hau babur zuwa Panteka, muka yi ta bin rumfuna har muka sami fakin da ya dace. Kuɗinsa bai kai na man da motar ke ɓarnatarwa a yini biyu ba. Da muka dawo Kawu ya zauna a kan benci ya ce, "Idona ba ya gani sosai. Yau hannunka zan ara." Ya hana a taɓa komai sai da inji ya huce sarai. Na cire kan batir, domin inda fetur yake ba a wasa da tartsatsi. Na sauke tukunyar tace iska, na zare tiyon mai da wayar totur da ta cok, na tsiyaye ruwan lagireto a bokiti. Kowane noti na kwance, sai ya sa in jera shi a kan tire bisa tsarin da ya fito. Da manifol ya rabu da kan inji, sai ga tsohon fakin ya bushe ƙayau, ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, an kuma taɓa shafe shi da gam a wani gyara na can baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na ɗauka aiki ya ƙare, saura a ɗora sabo. Na ɗauko sukuddireba zan kankare ragowar, sai na ji an buge mini hannu. Kawu ya ce, "Kai yaro, kan injin nan alminiyam ne, ya fi ƙarfen hannunka taushi. In ka yi masa zane ɗaya, ka buɗe wa iska sabuwar hanya wadda babu fakin da zai toshe." Ya sa na cusa tsumma mai tsabta a bakin kafofin don kada datti ya faɗa ciki, sa'an nan na yi ta kankara da gefen wata roba mai tauri, ina gogewa da fetur. Fiye da sa'a guda ina wannan, shi kuwa yana shafawa da yatsa yana cewa da saura. Fuskar manifol kuma ya sa na shimfiɗa sanfefa a kan gilashin taga, na riƙa goga ta a kai har ta yi bai ɗaya. Wajen ɗauri ma da ƙa'ida. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, wannan gefe sa'an nan wancan, kaɗan-kaɗan har zagaye uku, don fakin ya kwanta daidai. Ya ce wanda ya ɗaure noti ɗaya tamau tun farko, ya karkatar da sauran.

Bayan la'asar muka mai da kome wurinsa, muka zuba ruwa, Baba ya murza makulli. Ta tashi, amma tana fitar da baƙin hayaƙi, gabana ya faɗi. Kawu ya yi dariya ya ce ai sukurun da aka kwance ne, yanzu da ɓarauniyar hanya ta toshe mai ya yi yawa. Ya karɓi sukuddireba, ya sunkuya yana murzawa yana saurare, har inji ya daidaita yana bugawa tiryan-tiryan. Ya ce in ta yi kwana biyu tana aiki a sāke bin notocin, kuma kada mu ruɗi kanmu, tsohuwa tsohuwa ce, wata rana za ta nemi babban gyara, amma ba yau ba. Baba bai ce mini kome ba. Talata uku a jere na bi shi Kawo ina ɗora buhu, da kuɗin dakon nan aka cika mini na rajista.

Kawu bai karɓi lada ba sai na goro. Abin da ya roƙa ɗaya ne. Ya ce, "Kai da ke da biro, rubuta yadda muka yi da Hausa, yarana na gareji su karanta. Littattafanku duk da Turanci suke, mu kuma namu a ka yake, in mun mutu mu tafi da shi." Wannan alkawari nake cikawa yau.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu na wannan ƙungiya, ina roƙon yadda muke fita ƙauyuka neman tatsuniyoyi da waƙoƙin baka, mu riƙa leƙa gareji da maƙera da rumfunan Panteka da littafi a hannu. Akwai Hausa a can, akwai kuma sani, masu shi kuwa suna tsufa. Ni dai na dawo makaranta da baƙin mai a farce, kuma tun daga ran nan ban ƙara cewa abu ya mutu ba sai na sa kunne na saurara. Allah ya saka wa Kawu da alheri, ya ƙara wa iyayenmu haƙuri da mu, amin.