Birnin Ƙonni: Inda Ake Wanke Baƙin Hayaƙin Manyan Motoci

Matafiyin da ya baro Yamai da asuba bisa babbar hanya mai lamba 1, ya ratsa Doso da Dogon Dutsi, yakan iso Birnin Ƙonni bayan tafiyar kilomita wajen 420. Tun kafin ya shiga gari zai fara ganinsu jere a gefen kwalta: manyan kamiyo masu jan rimok, waɗanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira tirela. Wasu sun ɗauko albasar Galmi za su gangara bakin teku, wasu simintin Malbaza, wasu kuma suna jiran takardun duwan su ƙetara Illela su nufi Sakkwato. Gabas kaɗan, a Tsarnawa, hanya ta rabu biyu: ɗaya ta miƙe Maraɗi da Damagaram, ɗaya ta yi arewa zuwa Tawa da Agadas. Garin da Allah ya ajiye a irin wannan mararraba ba ya rabuwa da ƙugin inji, kuma duk inda babbar mota ta kwana akwai masu cin abinci a gindinta: mai shayi, mai facin taya, makanike, mai tuwo, da mai wankin mota. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, dukkansu sun ji a jikinsu.

Wurin wankin ba wani gini ba ne. Fili ne a bayan layin motoci, ƙasarsa ta yi baƙi ta daskare kamar daɓe. Kayan aiki kuwa ba su da yawa: tano mai cin lita 200, bokitai, soso, tsumma, buroshi mai doguwar ƙota, tsani, da garin sabulun nan da kowa ke kira Omo ko da wane kamfani ya yi shi. Wanda ya ɗan samu hali yana da ƙaramin injin fesa ruwa. Ruwan ma sayensa ake yi, amalanken jaki ke kawo shi, shi ya sa ba a ɓarnarsa.

Dauɗar da mota ke kwasowa a hanya iri biyu ce, kuma ƙaramin yaro a filin ya san bambancinsu. Ƙurar hunturu da jar ƙasar hanya ba su da gardama, da an watsa ruwa sun sauka. Mai taurin kai shi ne baƙin hayaƙin gazuwal. Kunkunniya ce irin ta rufin madafa, amma ta fi ta laushi nesa ba kusa ba, kuma ta cuɗu da ragowar man da bai ƙone ba. Maiƙon nan ne ke manna ta a jikin fenti. A zuba mata ruwa zalla, sai ya gangara ya bar ta nan. A goga da busasshen tsumma, sai ta bazu, ƙurar da ke ƙarƙashinta kuma ta karce fentin. Idan ta daɗe rana tana gasa ta, sai ta shige cikin ƙananan ramukan tsohon fenti ta zama launinsa.

Inda ta sauka ma yana faɗin asalin mota. Motocin Turai, su Mercedes da DAF da Renault, yawancinsu salansarsu a ƙasa take, saboda haka gefen rimok da shasi da tayoyi ne ke shan baƙi. Irin ta Amurka kuwa, kamar tsohuwar Mack da ke shigowa daga Najeriya, bututunta a tsaye yake bayan kan mota. Ita kusurwar sama ta goshin rimok take shafawa, baƙin ya ja dogon layi har tsakiyar tamfal.

Gwanin aikin ba ya farawa da rana tsaka. A watannin Afrilu da Mayu zafin Ƙonni yana wuce digiri 40, ƙarfe ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa, sabulun da aka shafa kuwa nan take ya bushe ya bar zane wanda ya fi baƙin muni. Da asuba ake yi, ko bayan la'asar. Da farko a sauke ƙura da ruwa. Sannan a shafa kumfa daga ƙasa zuwa sama, ba daga sama ba, domin idan ruwan sabulu ya gangaro bisa busasshen baƙi yakan tsaga masa hanyoyi farare waɗanda ba sa ɓacewa. A bar kumfar ta ɗan jiƙa maiƙon, a bi da buroshi, kashi kashi, sannan a ɗauraye daga sama zuwa ƙasa kafin ta sha iska. Wanda ya yi gaggawa sai ya yi aiki biyu.

Akwai kuma gajerun hanyoyi, kowace da kuɗin da take ci daga baya. Wasu sukan tsoma tsumma cikin gazuwal ko kananzir su goge wurin. Baƙin yana fita kam, tunda mai ke narka mai, mota ta yi ƙyalli direba ya ji daɗi. Amma santsin da aka bari shi ne zai kama ƙurar gobe. Wasu kuma sukan ƙara sodar yin sabulu cikin bokiti. Ita tana cin maiƙo da gaske, tana kuma cin tafin hannu, ta dusashe fenti. Idan ta taɓa alminiyam, irin na tankin mai ko jikin wasu rimok, sai ta bar tabon da babu mai gyara shi. A manyan wuraren wanki na Amurka, inda rimok ke shiga rumfa kamar jirgi, sukan fesa ruwa mai tsami da farko, su bi shi da sabulu mai kaifi, sannan su ɗauraye da ruwa mai ƙarfi. Dabarar tasu ta fi sauri, amma abokin gaba ɗaya ne, kuma wasu magungunan nasu suna ƙona fata har ƙashi.

Alhajin da ke da mota yana iya cewa wanki ado ne, mota ai ba amarya ba ce. Lissafin bai cika ba. Baƙin hayaƙi yana rufe fitilun baya da lamba da ƙyallayen da ke haska rimok da dare, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Madawa cikin duhu ya san abin da babbar mota maras alama ke jawowa. Yana ɓoye tsagewar shasi da yoyon mai, waɗanda sau da yawa mai wanki ne ke fara ganinsu kafin makanike. Buhun albasa ko na shinkafa da ya gogi baƙin katako, ya ɗauki warin gazuwal, farashinsa ya faɗi kafin a sauke shi.

Abin da ya fi wannan: baƙin nan mai ne da aka saya da kuɗi, inji ya kasa ƙonawa. Lafiyayyen inji ba ya tuttuɗa baƙin hayaƙi. Yakan yi haka idan hazo ya toshe matacin iska, ko injekta masu fesa mai sun gaji, ko an murɗa famfon mai don a ƙara ƙarfi, ko kuwa an lafta wa mota kayan da suka fi ƙarfinta. Tun 2005 ƙungiyar UEMOA ta ƙayyade nauyin da manyan motoci za su ɗauka, amma ma'aikatan hanya sun fi kowa sanin yadda ake bin dokar. Motar da aka wanke fes a Ƙonni, idan ba a taɓa injinta ba, kafin ta kai Maraɗi layin baƙin ya fara dawowa inda yake.

Shi kansa gazuwal yana da nasa laifi. Akwai farar wuta a cikinsa, wadda ke ƙara hayaƙi, kuma idan ta haɗu da danshi takan zama tsami mai cin ƙarfe. A Turai ba a yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwis, Public Eye, ta auna man da ake sayarwa a wasu ƙasashen Afirka, ta samu wanda ya ninka wannan sau ɗaruruwa. A 2020 ƙasashen CEDEAO, lokacin Nijar tana cikinta, suka amince da iyakar kashi 50. Ƙasar nan tana da matatarta ta Soraz a Damagaram tun 2011, amma a garin kan iyaka man da ke cikin jarka ba ya zuwa da takardar haihuwa.

Baƙin ruwan wanki ba shi da magudana. Ƙasa ke shanye shi, da damina kuma ya bi sauran ruwa zuwa kwari, a yankin da rijiyoyi da garake suke kusa da gari. Masu wankin su ma suna ɗaukar rabonsu. Suna yini inda injuna ke aiki a tsaye, suna shaƙar abin da suke gogewa, ga shi tun 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke haddasa sankarar huhu. Safar hannu da abin rufe hanci ba su kai kuɗin taya ɗaya ba, amma da wuya a gansu a filin. Da yamma, bayan an kife bokitai, wasu sukan nufi teburin mai shayi su sha madara, wai tana wanke ƙirji. Madarar ciki take sauka, ba ta bin hanyar huhu.