Likitan da Bai Taɓa Riƙe Allura Ba

Dikembe Mutombo bai je Amurka don wasa ba. A 1987 ya bar Kinshasa da tallafin karatu na hukumar USAID, ya shiga Jami'ar Georgetown da ke birnin Washington, burinsa ya zama likita ya koma gida. Sai dai mutum mai tsawon mita 2.18 ba ya ɓuya a cikin ɗalibai. John Thompson, mai horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar, ya ƙyalla ido ya gan shi, ya jawo shi fili.

Daga 1988 zuwa 1991 ya buga wa Georgetown, shi da Alonzo Mourning suna gadin kwando. A wani wasa da Jami'ar St. John's, sau 12 yana tare ƙwallon da abokan hamayya suka jefa. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Karatun likita yana cin yini, atisaye da tafiye-tafiye su ma haka. Dole ya canza fanni. Abin da bai yi ba shi ne barin aji. A 1991 ya kammala digiri a ilimin harsuna da diflomasiyya, kuma a shekarar ce ƙungiyar Denver Nuggets ta ɗauke shi, shi ne na huɗu a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA.

Ina yawan kawo labarinsa a shirin wasanni da nake gabatarwa a rediyo, saboda irin wayar da nake samu. Uba zai bugo, murya a sanyaye, ya ce ɗansa ya ajiye littafi wai shi ƙwallo zai bi. Jim kaɗan wani matashi zai bugo ya ce, "Yaya, ai waɗanda suka yi kuɗi da wasa ba takarda ta ba su ba." Ba na yi wa matashin dariya, don na san yana ganin masu digiri zaune a majalisa ba aiki. Lissafi kawai nake yi masa. Jami'o'i sama da 350 ne ke buga babban rukunin gasar a Amurka, amma NBA ba ta zaɓar fiye da mutum 60 a shekara, har da waɗanda suka fito daga wasu ƙasashe. Sauran fa? Abin da suka koya a aji shi za su ci. Kuma ko a can, ɗalibin da makinsa ya faɗi ƙasa benci yake komawa.

Thompson ya san wannan. A ofishinsa yana ajiye da wani ƙwallo da iskarsa ta fita, don yaransa su riƙa tunawa cewa wata rana wasa zai ƙare. Gwiwa ɗaya ta goce, shi ke nan.

Mutombo ya yi kaka 18 a NBA, sau 4 ana zaɓensa gwarzon mai tsaron gida. Duk da haka burinsa na farko bai sake shi ba. A 2007 aka buɗe asibitin da ya gina a Kinshasa, wanda ya sa wa sunan mahaifiyarsa, Biamba Marie, ya zuba dala miliyan 15 daga aljihunsa. Ya rasu ranar 30 ga Satumba, 2024, yana da shekara 58, bayan fama da cutar dajin ƙwaƙwalwa.

Ban ce kowane yaro zai gina asibiti ba, kuma ban ce a raba yaro da ƙwallo ba. Iyaye, ku bar shi ya je fili da yamma. Ƙanena, kai kuma gari na wayewa ka ɗauki jakarka. Tsawon Mutombo kyauta ce daga Allah, ba a koyonsa. Zaman da ya yi a aji har ya karɓi takardarsa, wannan kam kowa zai iya. Allah ya shirya mana zuri'a.