Faifan da Muka Goge

Na shiga aikin talabijin a 1983, ina ɗaukar wa masu kyamara waya da batir. Kyamarar wancan lokaci ba ta ɗauka ita kaɗai, sai an haɗa ta da wata na'ura mai nauyin tsiya da ake saka faifan U-matic a ciki, mutum ya rataya a kafaɗa. Ni ne mai ratayawar. Har yau in hunturu ya shigo, wannan kafaɗa ce ke fara sanar da ni.

Shekarun da wasannin Samanja da Kasimu Yero ke tara unguwa guda gaban akwatin talabijin ɗaya ke nan, yara a ƙasa, manya a benci. Mu a ƙaramin gidan talabijin ɗinmu na jiha mukan shirya wasa a kwana biyu, mu tace shi cikin dare.

Da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, yawancin abokaina suka bi harkar bidiyo. Ni ma daga baya na bi.

Abin da ke dawo mini yanzu faifai ne. Tsada gare shi, don haka in an watsa shiri sai a ɗora wani a kansa. Da hannuna na goge hirar wata tsohuwa mai saƙa, wadda ta yi awa guda tana ba mu labarin zuwan jirgin ƙasa garinsu. Na ɗora taron rabon taki. Ina tuna zanenta na saƙi da yadda take dafa gwiwa in za ta yi dariya. Muryarta kuwa na neme ta a raina na rasa. Allah ya jiƙanta.