Tsohuwar Amfilifaya a Tokyo da Kano

A ɗakunan masu sha'awar sauti a Japan, kayan da suka fi tsufa su ake ba wuri mafi kyau. Amfilifaya ce ta Sansui ko Pioneer ko Luxman, ƙirar shekarun 1970, zaune a tsakiyar kanta, manyan lasifikoki biyu a dama da hagu. Sabon abu ɗaya ne a wurin, wani ɗan akwati da aka tura lungu. Aikinsa ya karɓi waƙa daga waya ko kwamfuta, ya mayar da lambobinta sautin lantarki, ya miƙa wa tsohuwar ta ƙara masa ƙarfi. Hujjarsu ita ce hanyar adana waƙa ce ta yi ta sauyawa, daga faifan garmaho zuwa kaset, zuwa CD a 1982, zuwa intanet, amma aikin tura lasifika yana nan yadda aka san shi. To, me zai sa a yar da ƙarfen da ya iya wannan aiki?

Kasuwa ma ta goyi bayan wannan ra'ayi. Shagunan Hard Off, da suka fara a lardin Niigata a 1993, suna sayen tsofaffin kayan sauti su gwada su sayar, kuma suna da sashen waɗanda suka lalace, inda masu gyara ke tonon kayan da aka daina ƙerawa. A 2006 wata dokar lafiyar kayan lantarki ta so ta hana sayar da tsofaffin na'urori marasa sabon tambari. Mawaƙa irin su Ryuichi Sakamoto suka tashi tsaye, sai da gwamnati ta sassauta. Kamfanin Technics ya daina yin garmahonsa SL-1200 a 2010, masu nema suka matsa, ya dawo da shi a 2016.

Mu ma a gida muna haɗa tsoho da sabo, har ma da kayan Japan ɗin, waɗanda suka shigo gwanjo ta kasuwar Alaba a Legas suka gangaro Arewa. Amma mai gyara a Sabon Garin Kano ba ya ajiye sabon a lungu. Huda fuskar tsohuwar rikodar yake yi, ya cire inda ake sa kaset, ya liƙa ɗan allo ƙirar Sin mai karɓar memori da filash da Bluetooth. Bajafane da ya ga haka sai ya dafe kai, domin shi ko maɓalli ɗaya aka sauya, darajar kayan ta faɗi. Ni kam ban ga laifin mai gyaranmu ba. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu 230, in an kawo ta ke nan. Wanda ya sake naɗa taransifoma, ko ya juya na'ura ta koma aiki da batirin mota da sola, ya san lantarki ƙwarai, ko da ba shi da takardar shaida.

Inda muka fi bambanta shi ne abin da ake nema a sautin. A Tokyo akwai gidajen shayi da ake zuwa don sauraro kawai. Lion da ke Shibuya tun 1926 yake, kujerunsa duk suna fuskantar lasifika kamar sahun masallaci, kuma hira ba ta da wuri a ciki. Gidajen mutane ƙanana ne, maƙwabci yana bayan bango, don haka tsaftar sauti ake bi, a ji numfashin mai busa da saukar yatsa a kan tsirkiya. Mu kuwa lasifika ta jama'a ce: ta mai shayi, ta gidan biki, ta wa'azi. Abin tambaya shi ne ko na ƙarshen layi yana ji. Wannan buƙata ce ta gaske, sai dai ta sa mun saba da ƙarar da ke tsage murya, har kalangu da kukuma su cakuɗe ba ka bambance su.

Abin da ya fi damuna bai shafi ƙarfe ba. Bajafane idan ya riƙe tsohuwar na'ura, yana riƙe da fayafayanta. Mu da muka cire bakin kaset muka sa memori, kasusuwan sai aka zuba su a buhu aka kai sito, zafi da ƙura suna cin zarensu. A cikinsu akwai Shata da Ɗan Maraya da aka ɗauka a wurin biki, akwai tafsirin Shaihu Abubakar Gumi da aka naɗa daga Rediyon Kaduna, akwai muryoyin iyaye da aka aiko daga Makka da kurmi lokacin da kaset ne wasiƙa. Abin da masu tura waƙa a waya suke da shi kaɗan ne daga ciki, kuma sau da yawa an matse shi har ya dushe.

Ceto su ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Rikoda mai lafiya, a sauya mata bel ɗin roba, a goge kanta da auduga da sifirit, sai wayar da za ta haɗa ta da kwamfuta da manhaja kyauta irin Audacity. Mai karatu, in akwai buhun kaset a gidanku, kafin ka kai rikodar a huda ta, ka fara kwashe abin da ke cikin buhun.