Itacen Takarda A Gonar Gado

Uwargida, littafin rubutun da kike saya wa yara duk farkon zango daga itace ya fito. Ana daddatsa itacen, a dafa shi har ya koma kamar kunu, a shimfiɗa ya bushe. Yawancin takardar nan kuma daga waje ake kawo mana ita, shi ya sa da dala ta motsa sai kuɗin littafi ya bi ta.

Ina da 'yar gona da na gada wajen mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, a kan hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi. Wani ƙanen maigidana da ya karanci noma ya matsa mini in cika ta da wani itace wai shi lusina, dangin bagaruwa da gawo. Bai yi ƙarya ba. Asalinsa Meziko, ga saurin girma, saiwarsa kuma tana gyara ƙasa kamar yadda wake ke yi. Manoman Andhra Pradesh a Indiya suna sare shi bayan shekara 3 ko 4 su kai wa masu yin takarda, kututturen ya sake tohowa.

Tambaya ɗaya na yi masa: wa zai saya? Su can masana'anta na kusa da gona. Mu kuwa manyan namu uku, Jebba da ta fara aiki a 1969, da Oku Iboku, da Iwopin, duk sun durƙushe a shekarun 1990, kuma ko da suna ganiyarsu babu wadda ke kusa da Zamfara. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye ribar. Sannan shekara 3 ba gero ba dawa, me za a ɗora wa yara a murhu?

Duk da haka ban yar da shawarar ba. Kin dai san abin da shiga daji neman itacen girki ya zama a wajajen Zurmi da Shinkafi. Hankalin uwa ba ya kwanciya sai ta ga ɗanta ya shigo gida. Don haka layi ɗaya na sa aka shuka a kan iyaka da faɗuwar damina, aka kewaye da ƙaya saboda awaki. Tsakiyar gona tana nan ga gero.

In za ki gwada, 'yar'uwa, ganyen abincin dabbobi ne mai kyau, amma ki riƙa haɗa shi da harawa ko dusa, don in ya yi yawa yana sa gashinsu ya zube. 'Ya'yan kuma a cire su tun suna ɗanye, in ba haka ba su tsiro har gonar maƙwabci, a kai ki gaban mai unguwa.