Olsar Gidanmu

Kwana ashirin da uku Yaya ya yi a hannun masu garkuwa da mutane, kuma a tsawon kwanakin nan ko mura babu wanda ya yi a gidanmu. Mu ƙannensa muka raba aiki: wani yana riƙe da waya, wani yana zagayen dangi da abokan arziki, wata tana tare da Umma da matar Yaya. Muka sayar da filin da Baba ya bari, Umma ta kwance sarƙarta da awarwaronta, 'yan unguwa suka yi karo-karo. Abinci sai an tuna mana, barci kuwa sai dai ya sace mu a zaune. Duk da haka ƙafar kowa ba ta gaza ba.

Ranar da ya dawo, a rame, ƙafafu a kumbure, aka yanka rago, aka yi saukar Alƙur'ani, gida ya cika da 'yan barka da arziki. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "To, ai ya wuce, Allah ya kiyaye gaba." Mu ma haka muka ɗauka.

Ba a rufa mako biyu ba muka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya.

Matar Yaya ce ta buɗe fage. Zafi take ji a ƙahon zuciya kamar an ajiye mata garwashi, ko ruwa ta sha sai ya taso. Ɗayanmu wuyansa da kafaɗunsa suka sanƙare, kansa ya riƙa ɗaurewa tun daga azahar har dare. Ƙanwarmu zuciyarta ce ke dukan uku-uku tana zaune ba ta yi aikin komai ba. Auta, da ke shirin rubuta JAMB, ya ce zafi yake ji a tsakar kansa, wani abu kuma yana masa yawo a ƙarƙashin fata kamar kiyashi, in ya buɗe littafi layi ɗaya yake ta maimaitawa. Umma kuwa jiri.

A gidanmu duk wannan suna ɗaya gare shi: olsa. In ba a ce olsa ba, to taifot da maleriya ne. Muka zama 'yan gida a kemis ɗin bakin layi. Kwalaben farin maganin olsa suka jeru a kan firji. Aka yi mana gwajin Widal, aka ce taifot, muka shanye ƙwayoyin mako guda, aka sake gwaji, aka sake cewa taifot. Mai maganin gargajiya da ke yawo da lasifika ya ce basir ne da sanyi. Wata maƙwabciya ta ja Umma gefe ta ce a binciki lamarin da kyau, gida guda ba ya kwanta haka kawai sai da hannu. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka kira mai ruƙiyya. Kuɗin da ba mu da su, ga bashin fansa a wuya, muka riƙa zuba su a ledar magani.

Wani dare wajen ƙarfe biyu waya ta yi ƙara a falo. Ɓatan lamba ce, wani yana neman wani. Amma kafin a kashe, ƙanwarmu ta riga ta zube. Numfashinta yana fita sama-sama, gumi ya jiƙe ta, yatsunta suka ƙage, ta ce leɓɓanta sun mutu. Ta riƙe hannun Umma tana kalmar shahada tana cewa mu yafe mata. Muka buga ƙofar maƙwabci ya fito da mota. Kafin mu isa asibiti abin ya fara lafawa, har ta soma jin kunyar tashin mutane da ta yi.

Likitar da muka samu dattijuwa ce. Ta sa aka auna jini, aka ɗauki zanen bugun zuciya, aka duba sukari da yawan jini, daga baya aka duba maƙoƙo, domin ta ce shi ma yakan sa zuciya gudu. Da sakamako ya fito ta jera takardun a gabanta, ta cire tabarau, ta ce, "'Yata, zuciyarki lafiyarta ƙalau. Me ya faru a gidanku cikin 'yan watannin nan?"

Muka haɗa baki: "Babu komai, likita. Alhamdu lillahi."

Ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da kallonmu. Can Umma ta ce, "Ɗana aka ɗauke. Amma ai ya dawo."

"Ya dawo, Hajiya," in ji likitar, "sai dai jikin yaran nan bai samu labari ba tukuna."

Sai ta yi mana bayani dalla-dalla. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke sakin sinadaran adirenalin da kotizol idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari. Nan take zuciya ta ƙara gudu, jini ya ragu a hanji ya koma ƙafafu da hannuwa, naman wuya da kafaɗa ya ɗaure, numfashi ya yi sauri. Shiri ne na gudu ko faɗa, kuma shi ya riƙe mu a tsaye kwana ashirin da uku. Matsalar ita ce jikin da ya daɗe a haka yakan kasa sauka, ƙarar waya kawai ta ishe shi ya sake ɗaura ɗamara. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mutuwar yatsu da leɓe kuwa daga saurin numfashi take: mutum yana fitar da iskar kabon fiye da kima, sai jijiyoyi su fara tsikari, shi kuma ya ƙara tsorata, ya ƙara haki. Irin wannan firgici yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma, sannan ya sauka. Shi kansa ba ya kisa, ko da yake mai shi yakan rantse mutuwa ce ta zo.

Ɗayanmu ya ce, "Wato dai likita, ƙarya jikinmu yake mana?"

Ta ce a'a. Zafin na gaske ne, bugun na gaske ne, ciwon kan na gaske ne. Inda muke neman tushensa ne muka yi kuskure.

A wannan daren muka ji abubuwan da mai kemis bai taɓa gaya mana ba. Gyambon ciki na ainihi, galibi wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, H. pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya a 1982, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Abu na biyu da ya fi kawo shi shi ne magungunan kashe zafi irin su ibuprofen, diclofenac da asfirin, waɗanda muke ta afawa saboda ciwon kai, sau da yawa ba mu ci komai ba. Muna gudun olsar da ba mu da ita, muna haƙa wa kanmu ta gaskiya. Gwajin Widal guda ɗaya kuma ba ya tabbatar da taifot, domin a inda cutar ta yi yawa mutane da dama masu lafiya jininsu yakan nuna alamarta.

Auta ma ba shi ne farau ba. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, ya yi rubutu a kan ɗaliban Najeriya masu kukan zafi a ka, da jin abu na yawo a jiki, da kasa fahimtar abin da suke karantawa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da lalurar fargaba. Sai ga shi abin da muka ɗauka asiri ne aka yi wa gidanmu, a littattafan likitoci yake tun kafin a haifi Umma.

Amma ba duka ne damuwa ba, kuma wannan ma sai da aka auna aka sani. Jirin Umma hawan jini ne sosai, aka ɗora ta a kan magani, har yau tana sha. Likitar ta kafa mana sharaɗi: duk ranar da ciwon ƙirji ya sauka hannu ko muƙamuƙi, ko wani ya suma, ko ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi, ko ɓarin jiki ya saki, ko rama ta zo babu dalili, kada wanda ya tsaya cewa tunani ne. A taho asibiti.

Mun dawo gida da asuba babu mai magana. Gaskiya ba mu ji daɗin bayanin ba. Olsa ciwo ne mai mutunci: a yi maka sannu, a dama maka kunu, a ɗauke maka aiki. Damuwa kuwa, in ka ambata, amsar da za ka samu ita ce ka yi haƙuri, ka ƙara tawakkali. In ka matsa, wani ya yi maka ba'ar Dawanau. Ga budurwa a gida, wa zai so a ji an kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa? Ƙasar ma sai a Janairun 2023 ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, bayan ta shafe shekaru tana aiki da ta 1958 mai kiran marasa lafiya mahaukata.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Yaya ne ya kwana a daji, shi aka daka, shi ya sha ruwan kududdufi. Mu da muke kan katifa, da wane baki za mu ce mun wahala? Allah ya dawo mana da shi da rai, wasu har yau nasu ba su dawo ba. Kuka bayan wannan sai ya yi mana kama da butulci. An raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, muka haɗiye, cikin kuwa ya karɓa har ya gaji.

Abin mamaki, harshenmu bai taɓa ɓoye wannan ba. Mu ne masu cewa gabana ya faɗi, cikina ya ɗuri ruwa, jikina ya yi sanyi, abu ya tokare mini ƙirji. Murna farin ciki ce, ɓacin rai baƙin ciki. Kullum a jiki muke ajiye abin da ke ranmu idan muna magana, amma da ya fito a jikin sai muka tafi neman sauro.

Bayan kwana kaɗan, cikin dare, biyu daga cikinmu suka fito tsakar gida don barci ya ƙi. Suka tarar da Yaya zaune a kan turmi cikin duhu, ya jingina da bango, yana fuskantar ƙofa. Ya dube su ya ce, "Ku ma?" Tun da ya dawo bai yi barcin awa uku a jere ba, yana jin motsinmu kowane dare, yana zaton shi yake hana mu. Mu kuma muna ɓoye namu don kada mu ƙara masa. A daren nan aka tashi kowa, aka shimfiɗa tabarma. Matar Yaya ta faɗi abin da muryar mutumin nan ta waya ta ce mata a kwana na tara, wanda ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Aka yi kuka, Umma ma ta yi, ba ta ce kowa ya yi haƙuri ba.

Daga nan muka fara 'yan dabarun da likitar ta koya mana, muka ƙara da namu. Muka canza ƙarar kowace waya a gidan. Bayan sallar isha'i wayoyi a falo suke kwana, an daina kallon bidiyon hare-hare a Facebook da WhatsApp a kan gado. Shayi mai kauri, goro da lemon ƙara kuzari an rage su, an hana su bayan la'asar, domin suna ƙara wa zuciya gudu. Abinci a kan lokaci, ko babu sha'awa. Bayan asuba mukan taka a ƙafa zuwa bakin titi mu dawo. Na'urar awon jini ta koma ɗakin Umma, saboda ɗayanmu yakan auna kansa sau goma a yini, kowane awo kuma sabon tashin hankali ne.

Idan abin ya taso wa ƙanwarmu, ba ma rufuwa a kanta da fifita da salati kamar da. Mutum ɗaya ne yake zama kusa da ita, ta ɗora hannu a cibiya, ta ja iska ta hanci ana ƙirga huɗu, ta sake ta a hankali ta baki ana ƙirga shida. Fitarwar ce ake ja da tsawo, don ita ke sassauta bugun zuciya. Ana gaya mata, "Kin san shi, ya taɓa zuwa ya wuce." Addu'a ba mu bar ta ba. Sallar da muke yi a guje kunne na kan waya, yanzu mukan tsaya a ruku'u da sujada har gaɓoɓi su natsu, kuma babu wanda ya ƙara ce wa ɗan'uwansa ƙarancin imani ne ke damunsa.

Ita da Yaya wannan bai ishe su ba, aka tura su asibitin ƙwaƙwalwa. Ranar farko ta sa niƙabin da ba ta saba sawa ba. A layin ta ga malamin makaranta, ta ga 'yar kasuwa, ta ga soja. Ana zama da su ana magana, an kuma ba Yaya magani da aka ce sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa. An gargaɗe mu kada mu sayi ƙwayar barci irin diazepam a kemis, don jiki yana sabawa da ita ya kasa bari.

Ba mu warke sarai ba. Bashin ma ba mu gama biya ba. Watan jiya Yaya ya sake kama hanya karo na farko, don kasuwa ba ta jira. Tun da motar ta tashi cikin matarsa ya murɗa, wuyan ɗayanmu ya riƙe. Umma ta dube mu ta ce, "Olsar ce?" Ƙanwarmu ta ce, "A'a Umma, tsoro muke ji." Umma ta ce, "Ni ma." Muka zauna tare muna tsinke zogale har ya kira ya ce ya sauka lafiya.

Da daddare muna share kan firji muka ga kwalaben nan, biyu ko buɗe su ba a yi ba, kwanan watansu ya wuce. Auta ya kwashe su ya kai bola.