Allo Ba Ya Shanya Tumatir

Shekara 11 na yi ina koya wa 'yan aji biyar hanyoyin adana abinci, ban taɓa riƙe wuƙa a gabansu ba. Nakan rubuta a allo: rana, gishiri, hayaƙi. Su haddace, su ci jarrabawa. Haka aka koya mini a kwalejin horon malamai, da littafi kaɗai. Mu maza kuwa muna ganin wannan aikin mata ne.

Wata rana da rani, sa'ad da tumatir ya yi araha har ana zubarwa a bakin kasuwa, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa ba za mu shanya namu ba?" Kunya ta hana ni in ƙi. Na sayi kwando guda, muka raba kowane tumatir biyu, muka jibga a kan buhu. Ran Juma'a da yamma na tattara cikin leda na ɗaure saboda awaki. Da muka buɗe ran Litinin, sai wari da fumfuna. Yaran ba su yi dariya ba, kallona kawai suka yi. Wannan ya fi dariya ciwo.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa a ƙofar makaranta. Na je na durƙusa na ce, "Iya, ki koya mini." Ta ce, "Ɗana, ba a ɗaure abin da bai bushe ba." Washegari ta shigo ajinmu. Ta nuna mana a yanka falle-falle, a baza bisa tabarma mai tsabta a kan rumfa, kada wani ya hau wani, a riƙa juyawa har ya bushe ƙayau.

Sa'an nan ne littafina ya yi amfani. Na gaya wa yaran fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, fumfuna kuwa danshi take bi. Ita ce kuma ke kama gyaɗa da masara da aka adana da laima, ta bar dafin da ke lalata hanta. Iya ta san yadda ake yi, ni na san dalili. Yaro yana bukatar duka biyu.

Domin haka ina roƙon masu horon malamai, kada a ba kowa takarda, mace ko namiji, sai ya shanya kayan miya, ya matse man gyaɗa da hannunsa. Ku kuma iyaye, in malami ya zo tambaya, kada ku rena shi, ku koya masa.

Da damina ta zo tumatir ya yi tsada, yarinyar nan ta gaya mini da busasshen da ta shanya a gida suke miya. Ban taɓa samun sakamakon jarrabawa da ya faranta mini rai kamar wannan ba.